Fitilu masu lilo

1. Mu lura

Dare ya yi. An taru a gidan matasa don kallon wasa. Makaɗa sun hau dandali, mawaƙi ya kama waƙa. Ku ɗaga kai ku dubi fitilun da aka rataye bisa dandalin.

Ga wata shuɗiya can baya. Haskenta yana ƙaruwa sannu sannu, yana raguwa sannu sannu, kamar numfashin mai barci. Ga waɗansu guda takwas an jera su. Haske yana gudu cikinsu daga hagu zuwa dama, in ya kai ƙarshe ya sake farowa. Ga wata kuma mai juya kai, tana zana da'ira bisa ƙasa. Wanda bai taɓa zuwa gidan wasa ba, wataƙila ya ga irin wannan a telebijin ko cikin salula.

Yanzu ku waiwaya. Can baya akwai mutum guda zaune gaban tebur. Gabansa akwai kwamfuta, wadda waɗansu ke ce wa ordinater. Shi ne mai kula da fitilu. Fitilun sun kai talatin, shi kuwa hannu biyu gare shi. Wani lokaci ma yakan naɗe hannuwan yana kallo, amma fitilu ba su daina motsi ba.

To, mi ke motsa su? Kafin mu ba da amsa, sai mu nemo zare da ɗan dutse.

2. Mu gwada: dutse da zare

Kayan aiki: zare mai ƙarfi, ɗan dutse, ma'aunin metir, agogo mai nuna sakan.

Ku ɗaure dutsen a bakin zare. Ku rataye zaren ga reshen itace ko ga ƙusa bisa ƙofar aji. Daga wurin ɗauri zuwa tsakiyar dutse, tsawon ya zama metir 1. Ku bari dutsen ya natsu. Wurin da ya tsaya shi ne tsakiya. Ku sa alama da alli a ƙasa.

Ku ja dutsen gefe kaɗan, ku sake shi. Yana tafiya, yana wuce tsakiya, yana komowa, kamar yaro bisa lilo. Wannan motsi muna kiransa kai-da-komo. Tafiya ɗaya da komowa ɗaya su ne zagaye ɗaya.

Ɗayanku ya riƙe agogo, saura su ƙirga zagaye goma. Za ku samu wajen sakan 20. Ke nan zagaye ɗaya sakan 2 ne.

Ku rage zaren ya koma santimetir 25. Ku sake ƙirga zagaye goma. Yanzu wajen sakan 10 ne. Lilon ya ƙara sauri, zagaye ɗaya ya zama sakan 1.

Ku maida zaren metir 1. Sau ɗaya ku ja dutsen taƙi guda, sau ɗaya ku ja shi taƙi biyu. Nisan da dutse yake yi daga tsakiya zuwa gefe shi ne faɗin lilo. Faɗi ya sake, amma lokacin zagaye kusan bai sake ba.

Wani masani ɗan Italiya, Galileo, ya lura da wannan wajen shekarar 1602. A 1656 wani ɗan Holan, Christiaan Huygens, ya ƙera agogo mai aiki da lilo.

Mun samu kalmomi huɗu: tsakiya, faɗi, zagaye, sauri. Ku riƙe su. Da su mai kula da fitilu yake aiki.

3. Yadda kwamfuta ke magana da fitila

A da, rage hasken dandali aikin ƙarfi ne. A ƙarshen ƙarni na 19, a gidajen wasa na Turai, har da tukwanen ruwan gishiri aka yi amfani. Ana nutsa ƙarfe cikin ruwan. In ya kusanci ɗan'uwansa da ke gindin tukunya, wuta ta ƙaru. In ya yi nisa, ta ragu. Aiki ne mai haɗari ƙwarai. Daga baya aka ƙera manyan na'urori masu hannuwa, mutane da yawa suna ja suna turawa.

A 1975, a birnin New York na Amurka, aka sarrafa fitilun wani babban wasan waƙa da rawa mai suna A Chorus Line da kwamfuta. Shi ne na farko a manyan gidajen wasa na unguwar Broadway. A 1981, a birnin Basalona na Ispaniya, makaɗan Genesis suka yi wasa da fitilu masu juya kai da kansu, masu suna Vari-Lite.

Sai dai a lokacin kowane kamfani da irin harshen na'urorinsa. Na'urar wannan ba ta jin ta wancan. A 1986 wata ƙungiyar ma'aikatan gidajen wasa ta Amurka, USITT, ta fito da harshe guda wanda kowa zai bi. Sunansa DMX512. Har yanzu da shi akasarin fitilun dandali suke aiki.

Harshen ba shi da wuya, duka lambobi ne. Igiyar waya guda tana fitowa daga wajen kwamfuta, ta shiga fitila ta farko, ta fito ta shiga ta biyu, haka har ta ƙarshe. Igiyar tana ɗauke da layi 512. Kowane layi yana ɗauke da lamba guda, daga 0 zuwa 255.

In lambar 0 ce, fitila a kashe take.
In 255 ce, haske ya cika.
In 128 ce, an tsaya wajen rabin hanya.

Daga 0 zuwa 255 mataki 256 ke nan. Ku ninka 2 da kanta sau takwas, ku ga abin da za ku samu.

Kowace fitila tana da lambar layin da take saurare, kamar yadda kowane ɗalibi yake amsa sunansa in malam yana kira. Fitila mai sauƙi layi ɗaya ya ishe ta. Fitilar LED mai launi tana bukatar aƙalla uku: ja, tsanwa da shuɗi. In aka kunna ja da tsanwa tare, a samu ruwan ɗorawa. In aka kunna duka ukun, a samu fari. Fitila mai juya kai takan ci layi fiye da goma: ɗaya na juyawa hagu da dama, ɗaya na ɗaga kai da sunkuyawa, ɗaya na haske, ɗaya na launi, da sauransu.

Kwamfuta tana aika lambobin layukan nan duka, ta sake aikawa, har wajen sau 44 cikin sakan ɗaya. Saboda wannan sauri ido ba ya ganin matakan, sai ya ga haske yana tafiya sumul.

Abin da muka gane shi ne: wanda ya sake lamba, ya sake haske.

4. Lamba mai lilo

Mai kula da fitilu yana so fitilar nan shuɗiya ta yi ta numfashi har waƙa ta ƙare. Waƙar minti biyar ce. Yana iya kama maɓalli yana turawa sama yana ja ƙasa. Amma hannu yana gajiya, kuma ga sauran fitilu suna jiransa.

A nan manhaja take taimakonsa. Manhaja ita ce tsarin umurnin da aka zuba cikin kwamfuta don ta yi wani aiki. Akwai manhajojin fitilu iri iri, kamar QLC+ wadda ake samu kyauta, da MagicQ, da grandMA. Kowace da fasalinta, amma duka suna iya sa lamba ta yi kai-da-komo da kanta, kamar dutsenmu. Abin da ya rage ga mai kula da fitilu shi ne ya amsa tambayoyi biyar:

Ina tsakiya?
Faɗi nawa?
Sauri nawa?
Wace siffa?
Yaushe kowace fitila za ta fara?

Mu ɗauki misali. Ya sa tsakiya 150, faɗi 50, zagaye ɗaya sakan 4. Lamba za ta hau har 150 + 50 = 200, ta sauka har 150 − 50 = 100.

Sakan 0: 150
Sakan 1: 200
Sakan 2: 150
Sakan 3: 100
Sakan 4: 150

Daga nan sai ta sake farowa. Fitilar ba ta mutuwa sam, don lamba ba ta sauka ƙasa da 100.

Akwai bambanci biyu tsakanin wannan lilo da na dutse. Dutse yana rage faɗi sannu sannu har ya tsaya, saboda iska da gogayyar zare. Lamba ba ta gajiya, sai an tsaida ta. Kuma don sake saurin dutse sai mun kwance zare, a kwamfuta kuwa lamba guda ake sakewa.

Ga wani kuskure da masu koyo suke yi. Wani ya sa tsakiya 230, faɗi 50. Lissafi ya ba da 280. Amma babu lambar da ta wuce 255. Fitila za ta hau 255, ta tsaya can ɗan lokaci, sannan ta sauko. Numfashin ya lalace, kamar lilon da ke bugun bango. Maganinsa a rage faɗi ko a sauko da tsakiya.

5. Siffar lilo

Mu koma fili. Ku samu gwangwani, ku huda ƙaramin rami a gindinsa. Ku rataye shi da zare biyu don ya yi lilo bisa hanya guda. Ku cika shi da rairayi mai laushi wanda aka tankaɗe. Ku shimfiɗa kwali ƙarƙashinsa. Ku saki gwangwanin, ɗayanku ya riƙa jan kwalin sannu sannu, ba tsayawa.

Mi rairayi ya zana? Ya zana layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji. Masana lissafi suna kiran wannan siffa sinus. Ku dubi inda layin ya juya: rairayi ya fi taruwa can, don lilo yana rage gudu in ya kusa gefe. A tsakiya kuwa da sauri yake wucewa.

Manhaja tana da siffofi da yawa. Ga biyar da aka fi aiki da su.

Sinus. Lamba tana hawa da laushi, tana juyawa da laushi. Ita ce ta numfashi, ta hasken wata bisa ruwa.

Alwatika. Lamba tana hawa da gudu guda, ta juya farat ɗaya, ta sauka da gudu guda. Ku koma ga misalinmu na sama. Bayan rabin sakan, alwatika tana 175, sinus kuwa ta riga ta kai 185. Dukansu za su kai 200 a sakan 1, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce.

Murabba'i. Babu hawa, babu sauka. Lamba tana tsalle daga ƙasa zuwa sama, ta zauna, ta yi tsalle ta koma. Fitila tana kamawa tana mutuwa, kamar sigina ta mota.

Haƙoran zarto. Lamba tana tsalle sama farat ɗaya, sannan ta sauko sannu sannu. Haka amon ganga yake: bugu mai ƙarfi, sai ya yi ta raguwa. Ana iya juya ta kuma: hawa sannu, faɗuwa farat ɗaya.

Barkatai. Kwamfuta tana zaɓen lambobi ba bisa tsari ba. In cikin wasan kwaikwayo ana hira a bakin wuta da dare, sai a ɓoye fitila ja da mai ruwan ɗorawa bayan itacen, a sa musu wannan siffa da ɗan ƙaramin faɗi. Masu kallo su ga kamar wuta ce ke ci, alhali babu ko ashana.

6. Saurin lilo

Ana auna sauri ta hanya uku.

Ta farko: zagaye ɗaya sakan nawa ne? Mun yi wannan da dutse.

Ta biyu: zagaye nawa ake yi cikin sakan ɗaya? Ma'aunin sunansa hertz, ana rubuta shi Hz. An ba shi sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya rayu daga 1857 zuwa 1894. Dutse mai zaren santimetir 25 yana yin 1 Hz. Wutar lantarkin gidajen Nijar ma kai-da-komo take yi cikin waya, 50 Hz.

Ta uku: bugu nawa cikin minti ɗaya? Wannan ita ce hanyar makaɗa. In ganga tana bugu 120 a minti, sai mu raba da 60, mu samu bugu 2 a sakan, wato 2 Hz. Manhajoji da yawa suna da wani maɓalli wanda mai kula da fitilu yake dannawa daidai da kiɗa. Kwamfuta ta auna tazarar dannawar, ta daidaita saurin lilo da shi.

Ku ɗora hannu bisa ƙirji, ku ƙirga numfashinku minti ɗaya. Babban mutum da ke hutawa yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Fitilarmu mai zagayen sakan 4 tana yin 60 ÷ 4 = 15 a minti. Shi ya sa wanda ya kalle ta yake ganin kamar tana numfashi.

7. Lugude

Saura tambaya ta biyar: yaushe kowace fitila za ta fara?

Kun sha ganin mata uku suna lugude a turmi guda. Kowace taɓarya tana hawa tana sauka. Saurinsu ɗaya ne. Amma ba su sauka tare: ta farko, ta biyu, ta uku, sai ta farko kuma. In biyu suka sauka tare, taɓare su gwabzu. Abin da ya raba su shi ne lokacin farawa. Muna kiransa rata.

Fitilu ma haka. In fitila huɗu suka fara lilo tare, za su haskaka tare, su dushe tare. In aka sa rata tsakaninsu, sai wani abu dabam ya bayyana.

Masu lissafi suna raba zagaye ɗaya kashi 360, kamar da'ira, suna kiran kowane kashi digiri. Fitila huɗu ne, sai mu raba: 360 ÷ 4 = 90. Ta farko 0, ta biyu 90, ta uku 180, ta huɗu 270. Tun da zagayenmu sakan 4 ne, kowace tana bayan ƴar'uwarta da sakan ɗaya. Ga lambobinsu, daga ta farko zuwa ta huɗu:

Sakan 1: 200, 150, 100, 150
Sakan 2: 150, 200, 150, 100
Sakan 3: 100, 150, 200, 150
Sakan 4: 150, 100, 150, 200

Ku sa yatsa bisa 200, ku bi ta daga layi zuwa layi. Tana matsawa dama. Haka ido yake ganin haske yana gudu, alhali ko fitila ɗaya ba ta gusa daga wurinta ba.

Ku lura: ta ƙarshe 270 ce, ba 360 ba. Digiri 360 daidai yake da 0, don zagaye ya cika. Wanda ya rarraba 0, 120, 240, 360 zai ga ta farko da ta huɗu suna tafiya tare, gudun ya yi ɗingishi.

In rata 180 ce, fitilu biyu suna saɓani: wannan tana sama, waccan tana ƙasa, kamar mata biyu a turmi.

Wasa: ɗalibai takwas su jeru gaban aji. Kowa zai tsuguna ya miƙe cikin ƙirga takwas. Da farko ku yi tare. Sannan kowa ya jira na hagunsa ya fara da ƙirga ɗaya. Saura ku faɗi abin da kuka gani.

8. Lilo biyu, da'ira ɗaya

Saura fitilar nan mai zana da'ira. Layinta ɗaya yana juya kai hagu da dama. Ɗayan yana ɗaga kai yana sunkuyar da shi. Ana sa wa kowane layi lilonsa, siffar sinus, sauri ɗaya, faɗi ɗaya.

In babu rata tsakaninsu, haske yana kai-da-komo bisa layi a karkace.
In rata 90 ce, haske yana kewayawa kamar da'ira.
In ɗaya ya ninka ɗaya sauri, ana iya samun siffar lamba 8.

Wani masani Bafaranshe, Jules Lissajous, ya yi nazarin irin waɗannan zane a 1857, da madubi da haske. Ku ma kuna iya gani. Ku rataye gwangwanin rairayi da zare guda. Ku ja shi gefe, in za ku saki ku ɗan tura shi gaba. Ku dubi abin da ya zana bisa ƙasa.

Launi ma yana lilo. A sa sinus ga ja, da tsanwa, da shuɗi, da ratar digiri 120 tsakaninsu. Fitila za ta yi ta sake launi sannu sannu, kamar bakan gizo.

9. Hattara

Ƙara sauri a kwamfuta ba wuya, lamba guda ce. Amma akwai iyakar da ba a wucewa, don lafiyar masu kallo.

Ran 16 ga Disamba 1997, a ƙasar Japan, telebijin ta nuna wani fim ɗin yara mai suna Pokémon. A wani wuri cikin fim ɗin, ja da shuɗi suka yi ta walƙiya wajen sau 12 a sakan. A wannan dare aka kai mutum 685 asibiti, akasarinsu yara. Waɗansu jiri da amai, waɗansu suka faɗi suna jijjiga.

Dalili shi ne, haske mai walƙiya da sauri yana iya tayar da farfaɗiya ga waɗansu mutane. Ba duka masu farfaɗiya ba ne, kaɗan ne daga cikinsu, kuma an fi samu ga yara da matasa. Wani ma bai san yana da ita ba sai ranar da ya faɗi. Saboda haka ƙa'idar da ake bi ita ce: kada walƙiya ta wuce sau 3 cikin sakan ɗaya. Siffar murabba'i mai babban faɗi ta fi haɗari, musamman da jan haske mai ƙarfi. In wasa yana da walƙiya, sai a sanar da mutane tun daga ƙofa.

In wani ya faɗi yana jijjiga a wurin wasa, ga abin yi:

A tsaida walƙiya nan take, a kunna haske tsayayye.
A ba shi fili, a kawar da kujeru da duk abin da zai ji masa ciwo.
A sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa.
Kada a danne shi. Kada a sa masa kome a baki, ko cokali ko ruwa.
In jijjiga ta tsaya, a kwantar da shi bisa gefe ɗaya.
In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa, a kai shi likita da gaggawa.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓawa. Kada ku guje wa mai ita, kada ku yi masa dariya. Akwai maganinta a likita.

Fitilun dandali kuma suna zafi, suna aiki da wuta mai ƙarfi. Yaro ba ya taɓa su, ba ya taɓa wayoyinsu. Ba a kallon cikin fitila mai ƙarfi kai tsaye.

Mai kula da fitilu na ƙwarai yana tuna wani abu kuma. Mutane sun zo ganin ƴan wasa ne. In mai wasa yana magana, hasken fuskarsa ya tsaya cak. Lilo ya koma baya, ƙarami, sannu sannu. In kiɗa ya tashi, a ƙara faɗi da sauri. In kowace fitila tana rawa daga farko har ƙarshe, ido ya gaji, labarin wasa ya ɓace.

10. Abin riƙewa

Kwamfuta tana magana da fitilu da lambobi, daga 0 zuwa 255, bisa layi 512.
Manhaja tana sa lamba ta yi kai-da-komo kamar lilo.
Ana tsara lilo da abu biyar: tsakiya, faɗi, sauri, siffa, rata.
Rata ita ke sa a ga haske yana gudu. Ana raba 360 da yawan fitilu.
Walƙiya ba ta wuce sau 3 a sakan.

11. Tambayoyi

a) Mi ake nufi da zagaye ɗaya?
b) Mi ya faru da muka rage tsawon zare?
c) Faɗi bambanci biyu tsakanin lilon dutse da lilon lamba.
d) Wace siffa za ka zaɓa don wutar hira? Wace don hasken wata? Don mi?
e) Yaya lugude ya yi kama da fitilu masu gudu?
f) Abokinka ya faɗi yana jijjiga. Faɗi abu uku da za ka yi, da abu biyu da ba za ka yi ba.

12. Lissafi

a) Tsakiya 120, faɗi 60. Lamba za ta hau har nawa? Za ta sauka har nawa?
b) Tsakiya 200. Faɗi mafi girma nawa za a iya sawa ba tare da an wuce 255 ba?
c) An jera fitila 6. Ratar digiri nawa za a sa tsakaninsu? Rubuta ta kowace.
d) Kowace fitila tana cin layi 4. Layi 512 za su ishi fitila nawa?
e) Kalangu yana bugu 240 a minti. In fitila ta yi walƙiya a kowane bugu, sau nawa ke nan a sakan? Ya dace? In bai dace ba, yaya za a gyara?

13. Aiki

Ku rabu ƙungiya ƙungiya. Kowace ƙungiya ta zaɓi tatsuniya guda da za a iya maidawa wasa. Ku raba ta kashi uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Ga kowane kashi ku rubuta launin haske, da siffar lilo, da saurinsa, da dalilin zaɓenku. Ku zana siffar bisa allo. Sannan ku gwada da tocila huɗu a cikin aji, an rufe tagogi: kowane mai tocila ya riƙa rufe ta da tafin hannu yana buɗewa sannu sannu, ɗaya yana ƙirga da ƙarfi.